Wawan Sarki da Ƙuri'ar Talaka

Dattawanmu na Mafara, da Burmawan Bakura, da mutanen ƙasar Maradun, da iyayenmu mata masu saurare daga bayan danga, da samari da 'yan mata waɗanda wannan ne karonsu na farko na jefa ƙuri'a, ina gaishe ku, ina yi muku barka da aiki. Wanda duk takardar nan ta faɗo hannunsa, in ya iya boko, to ya tara waɗanda ba su iya ba ya karanta musu da ƙarfi, a zaure ko a gindin bishiya, don maganar ta kowa da kowa ce.

Laccarmu ta yau a kan wawa take. Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Yau ga abin mamaki, zaɓe ya matso, ana maganar taki da tsaro da ruwan dam, shi ko wanga ya zo muna da zancen wawa!" Ka yi haƙuri baba, ka bari in kai aya. Ku mutanen Morai ba baƙin mulki ba ne. Tun da aka yanke Jihar Zamfara a 1996, gwamnoni uku daga cikinku suka fito: Ahmad Sani na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Watau kun ga kujera da idonku, kun ga yadda ɗan unguwarku da kuke cin tuwo tare yake wayar gari da jiniya, da 'yan sanda a ƙofa, da mutum ɗari masu ce masa ranka ya daɗe. Kun kuwa san abin da ke fara ɓacewa a gidan mai mulki, ko wane ne shi, ko wace jam'iyya ta kai shi: mai gaya masa gaskiya.

Kakanninmu sun san da wannan cuta tun kafin Bature ya zo, kuma sun yi mata magani. A fadar sarakunan Hausa akwai waziri, akwai alkali, akwai dogarai, akwai makaɗa da sanƙira, sa'an nan akwai wani mutum guda da ake kira wawan sarki. Shigarsa ta ban dariya ce, tafiyarsa ta ban dariya ce, yana shiga inda hakimi ke neman iso. Kowa in ya zo gaban sarki sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa ya auna kalmominsa. Shi ko wawa yana iya kwaikwayon tarin sarki, ya kwaikwayi yadda yake naɗa rawani, ya faɗi abin da ake faɗa a kasuwa, a yi dariya a tashi. Ba a ɗaure shi, domin an riga an sa masa suna wawa, kuma babban mutum ba ya fushi da wawa sai ya zubar da girmansa.

To a nan dabarar take, jama'a. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Bafade yana tsoron rawaninsa, yana tsoron gonarsa, yana so ɗansa ya gaje shi, don haka in sarki ya ce rana ta fito tsakar dare, sai ya ce lalle shi ma yana jin zafinta. Wawa ba shi da rawanin da za a tuɓe. A ce ga wani hakimi ya matsa wa ƙauye da tara har mutane sun fara kwashe kayansu da dare. Waziri ya sani, amma hakimin surukinsa ne. Sai wawa ya shigo fada da tabarma naɗe a kai da tukunya a hannu, sarki ya ce ina zuwa, ya ce shi ma ƙaura zai yi, don ya ji an ce a ƙasar wane yanzu ko zakara ya yi cara sai ya biya sule. Fada ta kwashe da dariya, sarki ma ya yi dariya, amma ya ji. Gobe sai ka ga an aiki jakada. Ba a kunyata sarki ba, ba a kama sunan mai kawo ƙara ba, magana kuwa ta isa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Kada ku haɗa wawa da makaɗin fada, ko da yake su biyun duk da baki suke cin abinci. Wannan ba sai na koya muku ba, don a ƙasarku aka yi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda Bakura da Maradun duk ke tinƙaho da shi, ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa, ya yi wa Sardauna, ya yi wa sarakunan Arewa har Allah ya karɓi ransa a 1991. Haka Narambaɗa a Isa. Mutanen nan sun iya zambo ƙwarai. Sai su ɗauki mutum su mai da shi kura ko biri ko jemage, ba su kama suna ba, amma duk garin ya san da wa ake. Sai dai ku lura da inda bakin zambon yake fuskanta. Makaɗin fada yana yi wa abokin gabar ubangidansa zambo ne, ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, ko wanda ke jiran gado. Ubangidan kuwa sai yabo, in da gargaɗi to a naɗe cikin yabon. Wawa shi kaɗai aka yardar wa ya juya bakin abin ya fuskanci mai gidan. Ku riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

A wajen fada kuma talakawa suna da nasu. Wa bai san 'yan kama ba? Ɗan kama zai tsaya tsakar kasuwa ya yi naɗi irin na babban malami, ya gyara murya kamar mai tafsiri, sai ka ji duk karatun nasa a kan tuwo da miyar kuka da fura da ƙashin rago ne. Ko ya ɗauki waƙar da aka yi wa wani basarake ya juya ta ta koma yabon malmala. Mutane na dariya har da hawaye. Amma ku tsaya ku yi tunani: mutumin da ya ɗauki muryar manya ya cika ta da zancen ciki, me yake gaya wa manyan? Yana ce musu duk wannan ƙasaita, talaka abin da ke gabansa shi ne me zai ci yau. Ni ban taɓa jin laccar siyasa da ta fi wannan gajarta ba. Ga kuma 'yan gambara, su da ke tafe biyu-biyu, wannan ya jefa wancan ya cafe, bakinsu ba linzami, marowaci na ganinsu zai sa hannu aljihu tun ba su buɗe baki ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan ban mamaki, shi ne wasan gauta. Matan gidan sarauta ne ke yin sa. Wata ta yi shigar sarki, wata waziri, wata alkali, su zauna su yi fadanci da shari'a daidai yadda suka ga ana yi, sarki na zaune yana kallo. In yana da saurin fushi zai ga saurin fushinsa, in akwai bafaden da ke karɓar toshi zai ga an miƙa hannu ta ƙarƙashin riga. Matan da ake cewa suna kulle ba su san komai ba, ashe su ne madubin gidan. A ƙauyuka kuma bayan an kai amfanin gona gida samari kan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alkali, zamanin Turawa har da Gwamna da Di'o, da ɗan doka mai kulki. A Damagaram, can Nijar, suna wasan kara, inda ake ƙera bindiga da tabarau da sauran kayan manya da karan dawa, a kwaikwayi masu mulki tun daga sama har ƙasa. In azumi ya kai goma kuma ga tashe: yaro ya manna gemun auduga ya yi tsoho, wani ya yi malam, wani ya yi boka mai maganin ƙarya, a Kano Nalako ya fito farautar gwagware. Duk shekara al'umma na ware 'yan kwanaki ta ce, yau na ƙasa zai kwaikwayi na sama, kuma ba fushi.

Har tsakanin ƙabilu an yi wannan shiri. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Bakabe, maƙeri da Buzu, balle jika da kaka ko taubasai. Maganar da in wani ya faɗa sai a zare wuƙa, abokin wasa zai faɗe ta a sha dariya. Mutanen Nijar sun ɗauki abin da daraja har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon 'yan Adam a 2014.

Kada ku zaci mu kaɗai muka san wannan. Bari in kai ku ƙasar Sin, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai wani sarki a ƙasar Chu, ana ce masa Zhuang, yana da wani doki da yake so kamar ransa. Ya yi masa sutura mai ado, ya gina masa ɗaki, yana ciyar da shi busassun 'ya'yan itace, har ƙiba ta kashe dokin. Sarki ya ce a yi masa jana'iza irin ta babban hakimi, fadawa su yi makoki, wanda kuwa ya ce uffan a kashe shi. Kowa ya yi gum. Sai wawan fadar, mai suna Meng, ya shigo yana rusa kuka. Sarki ya ce lafiya? Ya ce ina lafiya, doki kamar wannan, a ƙasa mai arziki kamar tamu, a ce jana'izar hakimi kawai za a yi masa? Ai wulaƙanci ne. A yi masa ta sarki sosai, a sassaƙa akwatin gawa da dutse mai daraja, a fito da soja su haƙa kabari, tsofaffi da raunana su yi jidar ƙasa, a kira jakadun ƙasashen maƙwabta su raka gawa, don duniya duk ta shaida cewa sarkinmu ya fi ƙaunar doki bisa mutane. Nan take jikin sarki ya yi sanyi, ya ce to yanzu ƙaƙa za a yi? Meng ya ce a binne shi inda ake binne dabba: murhu ya zama kabari, tukunya ta zama likkafani, a sa citta, a rufe shi cikin cikkunan mutane. (Su can ba ruwansu da mushe, kada wani ya ce na ce a gwada.) Aka miƙa doki ga masu girki. Wani masanin tarihinsu, Sima Qian, shi ya rubuta labarin, ya kuwa ware babi guda a littafinsa don irin waɗannan mutane, kamar yadda ya ware wa sarakuna da mayaƙa.

In kun ji labarin dokin nan ya yi muku kama da wani abu da kuka taɓa gani, wata doguwar mota ko wani katafaren gida da aka gina a garin da asibitinsa ba ko allura, to ni dai labarin Sin na ba ku.

A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, an yi Abu Nuwas, mawaƙi ne na gaske, amma hikayoyi suka mai da shi Abunawas ɗin da kakanninmu ke ba mu labarin wayonsa. An yi kuma Bahalul, wanda ake ɗauka taɓaɓɓe ne. Ana ba da labari wata rana ya tarar da gadon mulki ba kowa, ya hau ya zauna, dogarai suka jawo shi suka yi masa bulala. Halifa ya iske shi yana kuka, ya lallashe shi, sai ya ce ba don kansa yake kuka ba: shi da ya zauna ɗan lokaci kaɗan ga abin da ya sha, ina ga wanda ya shekara da shekaru a kai?

To me ke faruwa in aka rufe bakin wawa? Ingila ta ba mu amsa. Sarkinsu Charles na Ɗaya yana da wawa mai suna Archie Armstrong, wanda ya gada daga ubansa. Sarkin da babban limamin cocinsa, William Laud, suka tilasta wa mutanen Sikotlan wani tsarin ibada da ba su so, ƙasa ta ɗauki zafi. Archie ya yi wa limamin ba'a a kan haka. Maimakon a saurara, sai majalisar sarki ta zauna a 1638 ta yanke cewa a tuɓe masa rigar wauta a kore shi daga fada. An huta da ɗacin bakinsa. Ba a daɗe ba yaƙi ya ɓarke. A 1645 aka sare kan limamin, a 1649 aka sare kan sarkin kansa a bainar jama'a. Shi ko wawan da aka kora ya koma ƙauye ya sayi gonaki, ya rayu har 1672.

Mu komo gida. Da siyasar jam'iyyu ta shigo Arewa, dariya ta bar fada ta fito dandali. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta, yakan rubuta wasannin kwaikwayo ya sa ɗalibai su yi, ana nuna zalunci da cuta da fadanci mutane na dariya. Nan kusa da ku ya yi koyarwarsa ta ƙarshe, a kwalejin horon malamai ta Maru, daga nan ya ajiye aikin gwamnati a 1950 ya shiga siyasa gaba ɗaya. Dattawan da ke cikinku sun san abin da ya biyo baya. A zamanin En'e mutum kan kwana gidan yari saboda waƙa guda ko habaici guda a wurin lacca, a ce ya zagi sarki. A Kano har ƙungiyar 'yan sara aka kafa a shekarun 1950 ana ce musu 'Yan Mahaukata, aikinsu dukan 'yan hamayya. Ku dubi yadda abu ya juye: dā ana fakewa da hauka a gaya wa mai mulki gaskiya, sai ga shi ana fakewa da hauka a fasa kan mai faɗin gaskiya. A ƙasar Yarbawa ma haka. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana Hubert Ogunde yin wasa a duk faɗin jihar saboda wasan kwaikwayo guda da Firimiya Akintola ya ga da shi ake, ba a ɗage hanin ba sai bayan juyin mulkin 1966.

Yanzu zan taɓo inda ke da ciwo, ku gafarce ni. An fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin, aka gama a 1978. Ruwa ya ci gidaje da gonakin mutum wajen 13,000. Waɗanda ke ƙasa da dam kuma aka karɓe gonakinsu shekara da shekaru ana baje su, fadama ta daina samun ambaliyar da ta saba. Manoma suka yi ta kai kuka a kan diyya. Suka bi ta hannun masu gari, suka bi ta ofis, suka yi haƙuri, daga baya suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin da ya faru a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, akwai masu rai a cikinku da suka gani da ido. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce sun haura ɗari uku. Ban ce da akwai ɗan kama a ofishin da ba a yi harbi ba, wannan jini ya fi ƙarfin wasa. Abin da nake cewa shi ne, an yi shekaru ana magana a hankali ba mai ji, domin duk wanda ke kusa da masu yanke shawara abin da suke so su ji yake gaya musu: aiki na tafiya, manoma sun gode. Mulkin da ya toshe ƙananan ƙofofin da gaskiya ke shigowa, wata rana ta babbar ƙofa za ta shigo, ta iske shi da bindiga a hannu.

Abin sha'awa, ko zamanin soja ba a rasa mai wasa da kaki ba. Usman Baba Pategi, wanda kuka sani da Samanja, tsohon soja ne, ya shekara da shekaru a rediyo da talabijin na Kaduna yana kwaikwayon rayuwar bariki, da tsawa da gurɓatacciyar Hausa, sojan da kansu na dariya. Ya rasu a 2023. Amma a mulkin farar hula, wanda aka ce namu ne, me muka gani? A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke wa Rabilu Musa Ɗan Ibro ɗaurin wata biyu. A takarda laifin na rajista da izinin fitar da fim ne, amma mutane da yawa sun ce wata waƙar ba'a ce da aka ga ta shafi manya. A watan Nuwamba na 2022, a Kanon dai, wasu samari biyu suka yi wa gwamna ba'a a TikTok, aka yanke musu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu kwana talatin. Jam'iyyun da ke mulki a lokutan nan biyu ba ɗaya ba ne. Cutar ba ta da tuta, kujera ce ke kawo ta.

Na san malamanmu za su ce, ai addini ya hana izgili, yana nan cikin Suratul Hujurati. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya ja da wannan. Wanda ya yi wa gurgu dariya don gurguntarsa, ko ya yi wa matar wani ƙazafi, ko ya tona asirin gidan mutum don a yi masa tafi, wannan ba wawan sarki ba ne, mara kunya ne, ko da wane ɗan takara yake yi wa aiki. Wawan kirki aikin mai mulki yake taɓawa, ba uwarsa ba. Yana tambayar ina rijiyar da aka ce an haƙa, ina takin da aka ce an raba.

A nan ne nake so ku tuna bambancin da na ce ku riƙe. Kwanakin nan za ku ga motoci da lasifika sun cika kasuwar Talata. Za ku ga mawaƙa da 'yan barkwanci, wasu a kan mota, wasu cikin wayar 'ya'yanku. Za su kwaikwayi tafiyar abokin hamayya, su sa masa sunan dabba, ku yi dariya har cikinku ya ƙulle. Ku yi dariyarku, ba haram ba ne, ni ma ina yi. Amma in an gama, ku tambayi kanku, wanga mai ba mu dariya, wa ya sai mashi mota? Ya taɓa juya bakinsa ko sau ɗaya ga wanda ke biyan shi? In bai taɓa ba, to maroƙi ne ya ari rigar wawa. Aikinsa shi ne ku shagala da yadda wancan ke ɗingishi har ku manta ku tambayi wannan ina kuɗin. Kuma ban ce wanda ya fi iya ba da dariya shi ya fi cancanta ba. Mutanen Yukren sun zaɓi ɗan wasan barkwanci, Zelensky, ya zama shugaban ƙasa a 2019, wannan ruwansu. Mu ba ɗan kama muke nema ya hau kujera ba, muna neman wanda in ya hau zai bar ɗan kama ya yi sana'arsa.

Sana'ar ma ina take yanzu? Yaushe rabon da a yi kalankuwa a ƙauyenku har gari ya waye? Yaushe rabon da 'yan mata su fita dandali da farin wata ba fargaba? Tun da 'yan bindiga suka shiga dazuzzukanmu, kiɗa ya ɗauke. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, nan ƙasar Mafara. A cikin shekarar aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya. Kasuwa ita ce fadar ɗan kama, dandali shi ne majalisar samari. Garin da aka daina dariya da dare, an daina shawara da dare ke nan, kowa ya shige ɗaki da abin da ke cikinsa. Manomin da sai ya biya ɓarayin daji kafin ya girbe gonarsa, wa zai kwaikwaya, a gaban wa?

Dā sarki ne ke ba wawa izinin magana, in ya ga dama ya janye. Yau izinin nan yana hannunku, shi ne katin zaɓen da ke cikin aljihunku ko ƙullin zanenku. Don haka in ɗan takara ya zo garinku, ko na wace jam'iyya ne, har da wadda ta buga takardar nan, kada ku bar sanƙirarsa ya cinye lokacin da kirari. Ku samu dattijo guda ko tsohuwa guda mai bakin wasa, irin wadda ke ce wa kowa mijina, ta tashi ta jefa masa magana a gaban jama'a. Ta ce, "Ɗana, wancan zuwan ka ce muna za a gyara magudanan ruwan dam, ko ruwan ne ya ɓace hanya?" Sa'an nan ku zuba ido. Kada ku dubi bakinsa, ku dubi fuskarsa da ta yaransa. In ya yi dariya ya tsaya ya ba da amsa, ko da amsar ba ta gamsar ba, ku sa wannan a ma'auni. In ya haɗe rai, ko kuka ga wani ƙato ya nufo tsohuwar, ko washegari aka kira mai gari aka ce ya ja wa mutanensa kunne, to kun ga yadda shekara huɗu za su kasance tun ba a je ko'ina ba.

Ku bincika kuma yadda ya yi da waɗanda suka taɓa yi masa ba'a a baya. In ya taɓa riƙe kansila ko ciyaman ko ɗan majalisa, akwai labari, kuma ƙasar Morai ba ta da faɗin da labari zai ɓace. Wa ya sa aka kama? Wane yaro aka kai ofishin 'yan sanda saboda abin da ya sa a waya? Wane malamin makaranta aka yi wa canjin wurin aiki zuwa bakin daji don ya yi magana a wurin ɗaurin aure? Ku tambayi direbobin tasha, ku tambayi mata masu dakau, sun sani.

Ran zaɓe ku fita da wuri, maza da mata, kowa da katinsa. Wurin dangwalawa ba mai leƙen ka, ba dogari, ba ɗan banga, ba wanda ya ba ka atamfa ko taliya. In an gama kada ku watse, doka ta yarda ku tsaya nesa kaɗan a ƙirga ƙuri'u a gabanku, a faɗi adadin da ƙarfi, a manna takardar sakamako a bango. Wanda ya iya rubutu ya kwafe adadin ya ajiye.